Jiragen Yaƙin Rasha Masu Nutso da Makamansu na Ƙare-Dangi: Asalinsu da Tarihin Aikinsu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda Tarayyar Sobiyet, da kuma Rasha wadda ta gaje ta, suka ƙera wani irin jirgin ruwa wanda aikinsa shi ne ya ɓuya a ƙarƙashin teku wata da watanni yana ɗauke da makamai masu linzami na ƙare-dangi, sa'an nan ta bi sawun abin da ya sami waɗannan jirage tun daga 1960 har zuwa yau. Mai yiwuwa ne wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce, ina ruwan mutumin Haɗeja da jirgin teku, alhali kuwa ko kogin da ya ratsa ƙasarsa bai san hanyar teku ba, a fadama yake bazuwa, abin da ya yi saura ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi? To, sai mu tuna cewa a cikin 1960 Faransa ta tayar da bama-baman nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, watau ɓangaren da iskar hunturu take busowa zuwa gare mu, kuma a kan wannan ne Nijeriya ta sallami jakadan Faransa a watan Janairu na 1961. Ashe tun farkon samun mulkin kai magabatanmu sun gane cewa nisan gida ba ya tsare mutum daga irin wannan makami.

Abin da nake so in nuna shi ne, makamin ne ya shata wa jirgin siffarsa, shimfiɗar ƙasar Rasha kuwa ita ce ta shata wa makamin nisan da zai ci. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci dalilin kusan kowane sauyi da aka yi wa jiragen.

Jirgin da makaminsa

Duk wanda ya taɓa ganin masunci ya kwanta bisa gora yana ratsa ruwa ya riga ya san rabin ilimin jirgi mai nutso. Muddin akwai iska a cikin gorar, ba za ta nutse ba. In aka bar ruwa ya shiga, sai ta yi ƙasa. Haka jirgin yake da manyan tankuna a jikinsa, ana cika su da ruwa ya nutse, a hura musu iska ta kore ruwan ya taso. Matsalar jiragen farko ita ce injinsu na man dizal ne, ba ya aiki sai da iska, saboda haka sun yi kama da gaiwa, wadda kome daɗewarta a ƙasan ruwa tilas ta leƙo ta shaƙi iska, kuma a nan ne mai nemanta yake ganinta. Tukunyar nukiliya ce ta raba jirgi da wannan lalura. A cikinta ƙwayoyin ƙarfen yuraniyom suke tsagewa su ba da zafi mai tsanani ba tare da buƙatar iska ba, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfela. Daga ruwan teku kuma ake tace na sha, a fitar da iskar shaƙa. Abin da yake komo da jirgin gida kawai shi ne ƙarewar abinci da gajiyar mutane.

Makamin kuwa roka ce da ake harbawa sama, ta keta sararin samaniya, sa'an nan kanta mai ɗauke da bom ya faɗo bisa inda aka nufa kamar dutsen da aka jefa. Hikimar ɗora ta a cikin jirgi mai nutso ita ce, abokin gaba yana iya yi maka shammata ya ragargaza filayen jiragen sama da ramukan makaman da ke kan tudu, tun da ya san inda suke, amma abin da ke yawo a ƙarƙashin teku bai san inda zai same shi ba. Ke nan ko ya riga ka bugu, ramuwa tana nan tafe. A kan wannan zama na kar-ta-san-kar aka gina zaman lafiyar zamanin yaƙin cacar baka.

Sauri ya haifi nawa

Mutanen Sobiyet ne suka fara harba irin wannan makami daga jirgi mai nutso, ranar 16 ga Satumba, 1955, a Farin Teku, daga wani jirgin dizal mai lamba B-67. Amma makamin bai wuce ya ci kilomita 150 ba, watau da a Haɗeja aka harba shi ba zai kai Kano ba, kuma sai jirgin ya taso saman ruwa kafin ya harba. A watan Yuli na 1960 sai ga jirgin Amurka mai suna George Washington ya harba makamin Polaris yana nutse, kuma guda 16 yake ɗauka. Hankalin shugabannin Mosko ya tashi ƙwarai, aka matsa wa maƙera a tashar Severodvinsk su ba da amsa ko ta halin ƙaƙa.

Amsar ita ce K-19, wanda ya fara aiki a watan Nuwamba na 1960, shi ne kuma jirgin Sobiyet na farko da ya haɗa tukunyar nukiliya da makamai masu linzami. Makamai 3 kacal yake ɗauka, masu cin wajen kilomita 600, kaɗan suka ɗara tsakanin Haɗeja da Sakkwato, kuma har yanzu sai an taso ake harbawa. Tukwanensa biyu ne, kowace tana ba da zafin megawat 70. Don a gane girman wannan, ƙaramar tukunyar bincike da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004 kilowat 30 take bayarwa, ke nan kowace ɗaya ta K-19 ta ninka ta fiye da sau 2,000, ga ta kuma a rufe cikin bututun ƙarfe tare da mutum 139.

Ranar 4 ga Yuli, 1961, jirgin yana arewacin Atilantika, sai bututun ruwan da ke sanyaya tukunya ɗaya ya tsage. Ba a yi wa jirgin wata hanyar sanyayawa ta ko-ta-kwana ba, ga kuma na'urar aika saƙo mai nisa ta lalace, babu halin jin shawara daga gida. Kyaftin Nikolai Zateyev ya ga in tukunyar ta narke to babu jirgi babu mutane. Sai waɗansu daga cikin ma'aikatan suka riƙa shiga ɗakin tukunyar ƙungiya-ƙungiya, suna walda wani sabon bututu da zai kai mata ruwan sha na jirgin, alhali gubar nukiliya ta cika wurin. Sun yi nasara, amma 8 daga cikinsu sun mutu cikin 'yan makonni, waɗansu kuma suka bi su a shekarun baya. Gwamnati ta rufe maganar kusan shekara 30. Aka gyara jirgin aka mayar da shi aiki, matuƙa suka laƙaba masa suna Hiroshima, a 1972 kuma gobara ta sake cin rayuka 28 a cikinsa. A ganina, ba a yi wa waɗannan samari adalci ba in aka tsaya ga yabon jaruntakarsu kawai. Jaruntakar ta zama tilas ne saboda waɗansu manya sun yarda a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofofin da ke hannun wani

Sai a watan Nuwamba na 1967 Sobiyet ta sami jirgin da ya yi kusa da na Amurka, watau K-137, na farkon jerin da suka kira Navaga, ƙungiyar Nato kuwa ta kira shi Yankee. Sergei Kovalev ne ya jagoranci tsara shi, Viktor Makeyev kuma ya tsara makaminsa, kuma hannun waɗannan mutum biyu yana cikin kusan duk abin da ya biyo baya. Makamai 16 yake ɗauka, ana harba su a nutse, suna cin wajen kilomita 2,400. Tsakanin 1967 da 1974 an ƙera guda 34, abin da ya nuna irin dukiyar da aka zuba.

A nan ne ya kamata mu buɗe taswira. Rasha ƙasa ce mai faɗin gaske, amma ƙofofinta na teku kusan duk a hannun wani suke. Mai fita daga Baƙin Teku sai ya bi ta mashigin Turkiyya. Mai fita daga Baltik sai ya ratsa ta Denmak. Vladivostok tsibiran Japan sun kewaye ta. Abin da ya rage shi ne yankin Kola a can arewa, inda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga Atilantika yake hana gaɓar Murmansk daskarewa, da kuma Kamchatka a gabas mai nisa, wadda ko hanyar mota ba ta haɗa ta da sauran ƙasar ba. To, makami mai cin kilomita 2,400 ba zai taɓa Amurka daga Kola ba. Tilas jirgin ya yi tafiyar kwanaki, ya bi ta tsakanin Girinlan da Aislan da Ingila, ya je ya yi zaman jira a wajajen tsibirin Bamuda.

Masuntanmu na fadamar Haɗeja zuwa Nguru sun san cewa ba a bin kifi cikin faɗin ruwa. Inda hanya ta ƙuntata ake kafa dumba, a jera tarkuna, kifin da kansa zai kawo kansa. Haka Amurka ta yi. Ta shimfiɗa na'urorin sauraro a ƙasan teku a waɗannan mashigai, tsarin da ake kira SOSUS, domin ƙara tana tafiya nesa ƙwarai a cikin ruwa. Jiragen Sobiyet na wancan zamani kuwa masu hayaniya ne, famfunansu da farfelarsu suna tona musu asiri. Da zarar an ji wucewar ɗaya, sai jirgin farauta na Amurka ya bi bayansa a hankali. Jirgin da aka san inda yake kuwa ya rasa dalilin ƙera shi.

Hanya biyu ce mafita: ko a rage ƙarar jirgi, ko a tsawaita hannun makami. Ta farko tana buƙatar injuna masu laushin aiki waɗanda masana'antun Sobiyet ba su gwanance da su ba a lokacin, ko da yake sun matsa gaba daga baya, musamman bayan ɗan leƙen asirinsu John Walker ya sanar da su yadda ake jin motsinsu, suka kuma sayi injunan sassaƙa farfela daga wani reshen kamfanin Toshiba, cinikin da asirinsa ya tonu a 1987. Ta biyun ce suka fi ƙarfi a kai, don haka ita suka bi. A watan Disamba na 1972 K-279 ya fara aiki, na farkon jerin da Nato ta kira Delta, da makamai 12 masu cin kilomita 7,800. Wannan ya fi zuwa Makka da komowa daga Haɗeja. Daga ranar nan jirgin Sobiyet ba ya buƙatar kusantar dumbar kowa. Yana iya zama a Tekun Barents ko Tekun Okotsk, ƙofar gidansu, jiragen sama da na ruwa suna gadinsa, ya kuma kai hannu har biranen Amurka. Amma dogon zango yana son doguwar roka, doguwar roka kuwa ba ta shiga cikin jirgin duka. Shi ya sa duk jiragen Delta suke da wani tozo a bayansu, kuma tozon ya riƙa ƙaruwa daga jeri zuwa jeri: 18 na farko, 4 na biyu, 14 na uku waɗanda kowane makaminsu yake da kawuna da yawa masu rabuwa kowa ya nufi garinsa, sa'an nan 7 na huɗu tsakanin 1984 da 1990. Yarjejeniyar da Nixon da Brezhnev suka sa wa hannu a 1972 ta ƙayyade wa Sobiyet jirage na zamani 62 da bakunan harbi 950, kuma sun yi ta ƙira har suka cika wannan adadi na jirage.

Ɗan garuwa

Babu inda makami ya mallaki jirgi kamar a jerin da Rashawa suka kira Akula, Nato kuma ta kira Typhoon. Rokokin Sobiyet na ruwa kusan duk da man ruwa-ruwa suke aiki, mai guba, mai saurin kamawa. Na Amurka kuwa daskararren mai suke amfani da shi, wanda ya fi sauƙin ajiya. Da Sobiyet ta yi nata na daskararren mai, sai ya fito da nauyin wajen tan 90 kowane ɗaya, da kawuna 10. Don a ɗauki 20 daga cikinsu, sai Kovalev ya jera manyan gangunan ƙarfe biyu gefe da gefe, ya sa makaman a tsakaninsu, ya lulluɓe duka da ɓawo ɗaya. Abin da ya fito a watan Disamba na 1981 shi ne TK-208, mai tsawon mita 170 da 'yan kai, da faɗin mita 23, da nauyin tan 48,000 in ya nutse. Har yau ba a sake ƙera jirgi mai nutso da ya kai shi nauyi ba. An yi masa ƙarfin da zai iya fasa ƙanƙarar tekun arewa ya taso, a ciki kuma har da ɗan kududdufin wanka da ɗakin gumi don ma'aikata. Amma kusan rabin nauyin nan ruwa ne da yake kwasa a tankunansa, saboda haka matuƙan da kansu suka yi masa laƙabi da kalmar da ma'anarta a Hausa ita ce ɗan garuwa. Guda 6 aka ƙera. Ciyar da su ya gagari ƙasar da ta haife su.

A daidai wannan lokaci ba a daina tura tsofaffin jiragen Yankee bakin Amurka ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1986, wata biyar da 'yan kwanaki bayan masifar Chernobyl, K-219 yana arewa maso gabas da Bamuda, sai ruwan teku ya yoyo cikin ramin makami na shida, ya gamu da man rokar, abin ya fashe. Hayaƙi mai guba ya bi ɗakuna. Na'urar da ke kashe tukunya daga nesa ta ƙi aiki, sai wani matuƙi ɗan shekara 20, Sergei Preminin, ya shiga ya saukar da sandunan kashe ta da hannu. Da ya gama, ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda matsin iska, a nan ya cika. Kyaftin Igor Britanov ya kwashe sauran mutanensa zuwa jiragen kasuwanci na Sobiyet da suka kawo gudummawa, ranar 6 ga wata kuma jirgin ya nutse cikin zurfin da ya wuce mita 5,000, da tukwanensa da makamansa. Jirgin yana can har yau. Kwana biyar bayan haka Gorbachev da Reagan suka zauna a Reykjavik suna maganar rage makamai.

Rushewa da farfaɗowa

Ranar 6 ga Agusta, 1991, jirgin K-407 Novomoskovsk ya harba makamansa 16 duka, ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan mintuna, yana nutse a Tekun Barents, abin da babu wanda ya taɓa yi. Ba a sami sukunin yin biki ba, don kafin mako biyu ya cika an yi yunƙurin juyin mulki a Mosko, kafin ƙarshen shekara kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Shekaru goman da suka biyo baya na ƙunci ne. Albashi ya riƙa makara, jirage da dama suka yi tsatsa a bakin gaɓa da man nukiliya a cikinsu. A Andreyeva, kusa da iyakar Norwe, an tara sandunan tsohon man nukiliya wajen 22,000 a rumbunan da ruwa yake shiga, kuma sai a 2017 aka fara kwashe su. Wani tsohon hafsan ruwa, Aleksandr Nikitin, da ya taimaka wa ƙungiyar Bellona ta Norwe wajen bayyana wannan hali, an kama shi a 1996 bisa zargin cin amanar ƙasa, daga baya kotu ta wanke shi. Abin mamaki, da kuɗin Amurka, ƙarƙashin shirin 'yan majalisa Nunn da Lugar, aka yanyanka 3 daga cikin manyan jiragen Akula, watau abokin gabar da aka ƙera su dominsa shi ya biya ladan mahauci. Bisa ƙididdigar sojan ruwan Amurka, a 2002 ko jirgi ɗaya na wannan nau'i bai fita sintiri ba. Kursk da ya nutse da mutum 118 a 2000 ba ya cikin jiragen da muke magana a kansu, don makamansa na kai wa jiragen ruwa hari ne, amma ya nuna halin da rundunar take ciki.

An aza harsashin sabon jeri mai suna Borei a watan Nuwamba na 1996, amma jirgin farko, Yuri Dolgoruki, bai fara aiki ba sai Janairun 2013. Rashin kuɗi ya sa har da sassan waɗansu jiragen da ba a gama ba aka harhaɗa jikinsa. Babban abin da ya jawo jinkirin kuwa, kamar kullum, makami ne. Wanda aka fara tsara jirgin dominsa ya kasa a gwaji, aka soke shi a 1998, aka ba wata cibiya ta Mosko wadda ta saba da makaman kan tudu aikin ƙera sabo mai suna Bulava, tilas aka sake fasalin jirgin don ya dace da shi. Bulava ma ya sha faɗuwa, har shugaban cibiyar, Yuri Solomonov, ya sauka daga muƙaminsa a 2009. Ranar 9 ga Disamba ta wannan shekara mutanen arewacin Norwe suka wayi gari da wani haske yana murɗawa a sama kamar gammo, ashe Bulava ne ya ƙwace. A wannan tsakani tsofaffin jiragen Delta na huɗu ne suka riƙe gida, da sabon makamin man ruwa-ruwa mai suna Sineva wanda aka karɓa a 2007, TK-208 kuwa, bayan an sake masa suna Dmitri Donskoi, ya zama dandalin gwajin Bulava har aka sallame shi a 2023.

Jirgin Borei yana da tsawon mita 170 da nauyin tan 24,000 a nutse, rabin na ɗan garuwa ke nan, yana ɗaukar Bulava 16, kuma ya fi magabatansa shiru nesa ba kusa ba. Zuwa watan Yuli na 2025, lokacin da aka karɓi Knyaz Pozharski, an sami guda 8, an raba su tsakanin Gadzhiyevo a Kola da Vilyuchinsk a Kamchatka, watau ƙofofi biyun nan dai na tun asali. Sunayen ma abin lura ne: jirgin 1967 sunan Lenin aka ba shi, na yanzu kuwa sunayen sarakuna da jarumawan Rasha ta dā suke amsawa. A watan Maris na 2021 jirage 3 suka fasa ƙanƙara suka taso lokaci guda kusa da tsibiran Franz Josef, aka ɗauki hoton aka watsa wa duniya, don a ga cewa ƙarƙashin ƙanƙara, inda ƙarar fashewarta take rikita mai sauraro, har yanzu maɓoya ce. Yarjejeniyar ƙayyade makamai ta ƙarshe tsakanin ƙasashen biyu, wadda aka sa wa hannu a 2010 aka kuma yanka mata wa'adi zuwa Fabrairun 2026, Rasha ta dakatar da aiki da ita tun watan Fabrairu na 2023, kuma tun kafin nan masu binciken ɓangarorin biyu suka daina zuwa su ƙirga kawunan da ke bisa makaman juna.